Abin da Nake Gaya wa Madame Solange

Talata, 22 ga Yuli, bayan La'asar

Zan rubuta abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ƙawata Bilki. Ƙarya nake yi wa Madame Solange. Sau goma ke nan.

Ita ce mai kiné, wadda ke gasa hannun Baba tun da ciwon da suke kira AVC ya shanye masa ɓarin dama. Ciwon bai tsaya a hannu da ƙafa ba. Ya tafi da Faransancinsa na kasuwa da Pijin ɗinsa duka, ya bar masa Hausa kaɗai, ita ma da nauyi kamar mai magana da loma a baki. Madame kuwa 'yar Yaoundé ce, ko "sannu" ba ta iya ba. Shi ya sa nake binsa Litinin, Laraba da Juma'a, in zauna a kujerar roba tsakaninsu, in zama bakinsa.

Faci huɗu take manna masa, biyu a bayan hannu, biyu sama da tsintsiyar hannu, wayoyinsu na shiga wata 'yar na'ura. In ta murɗa da ƙarfi sai yatsun su buɗe da kansu, Baba yana kallonsu kamar hannun baƙo. Wannan kowa na gani da idonsa. Sai ta rage wutar ta dawo ƙarama, wadda aka ce ita ke tayar da jin taɓawa. Bayan nan ta rufe masa ido, ta shafa auduga a yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce in tambaye shi ko ya ji.

Baba yakan sunkuyar da kai, don mace ce ke riƙe da hannunsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan can ƙasan maƙoshi, "Ban ji ba."

Ni kuma in ce, "Un peu, Madame." Kaɗan. Ta yi murmushi ta sa alama a takarda.

Baffa Haliru, yayan Baba, zuwa sau ashirin wurin Madame ya ba mu. In takardar Madame ta ce babu ci gaba, zai tafi da shi gida, can bayan Kano, wurin mai maganinsu. Kwana uku a mota. Kuma ya riga ya ce ƙwayoyin hawan jini su suka kashe masa jiki, ranar da suka tashi ranar za a zubar da su. Ran farko bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani. Sauran taran kuwa da sanina.

Laraba, 23 ga Yuli, azahar

Ruwa tun asuba. Lambatun ƙofar gidanmu ya cika ya haye katako, mai taksi ya ƙi shigowa lungu, ya ce motarsa ba kwale-kwale ba ce. Ni da Mama muka tallafi Baba har bakin titi. Unguwarmu New Bell a damina ba a yi ta don mai sanda ba.

Shekarata goma sha shida, Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari. In yana son ruwa sai ya ce wa Mama, "Yarinyar nan ba ta nan ne?" alhali ina tsaye a gabansa. Bilki ta ce wannan kunyar ta mutanen da ce, nata baban a nan aka haife shi, har hoto yake ɗauka da ita a waya. Baba daga can ya taho da tasa, bai ajiye ta ba. Ban taɓa jin haushi ba, haka na tashi na gani. Yanzu ni ke cire masa takalmi a ƙofar Madame, ni ke share masa gefen baki in ba ta kallo, kuma har yau ba mu haɗa ido ba.

Yau ma na faɗa.

Juma'a, 25 ga Yuli, hantsi

Sha biyu. Un peu. Na gaji.

Asabar, 26 ga Yuli, yamma

Bilki ta zo da sabon littafi a cikin hijabinta da beignet, fanken nan, a leda.

"Rahina, kin rame. Faɗa mini gaskiya, akwai wani a wurin kiné ɗin nan, ko?"

"Akwai. Yana zuwa duk Laraba."

Ta matso. "Fari ko baƙi?"

"Shekararsa saba'in, haƙorinsa uku, jikarsa ke turo shi a keke."

Ta jefe ni da filo, ta ce ni dai a gidanmu zan tsufa da littafi a ƙirji. Mun yi dariya har Mama ta leƙo, sai muka yi tsit.

Na karanta babi biyu na ajiye. A littattafan nan da zarar hannunsa ya gogi nata sai ta ji kamar lantarki ya ratsa ta har tafin ƙafa. Da nakan rufe littafin in rufe ido in jira. Yanzu na ga lantarkin gaske yana shiga hannun mutum sau uku a mako, mutumin yana kallon bango.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan Azahar

Abokan kasuwar Baba na Marché Congo sun zo gaisuwa, su biyar. Baba ya ɗaga hannun dama da na hagu ya miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya riƙe ya sake da sauri. Wani ya ba da labarin yadda ake kawo masa shadda a shago, ya kau da kai, ya murza bakinta tsakanin babban yatsa da manuni, ya ce wannan ta gaske ce, wannan kuwa a mayar wa mai ita. Ya ce ko dillalan Lomé tsoron yatsun nan suke. Duk suka yi dariya. Baba ma ya yi, da rabin baki.

Da aka kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Ba ya ci da hagu a gaban mutane. Sai da suka tafi Mama ta ja labule.

Litinin, 28 ga Yuli, azahar

Madame ta ji daɗi yau. Ta ce tunda ji ya fara dawowa, lokaci ya yi da zai riƙa aiki a gida. Ya cusa hannu cikin kwanon shinkafa, a shafa masa ƙyalle iri-iri, ya riƙe kofi mai ɗumi da hannu biyu. Na fassara wa Mama kalma ba ragi. Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah, ta ce, "Ashe yana ji, shi ne bai taɓa gaya mini ba."

Na shiga ɗaki na kwanta da hijabina.

Talata, 29 ga Yuli, safe

Ba zan rubuta yau ba.

Laraba, 30 ga Yuli, bayan La'asar

Jiya ne, da kofin gilashi. Shayin da ya saba sha, yadda ya saba shan sa, daga kan wuta. Mama ta ce ai yana ji yanzu, in da zafi zai faɗa. Ya riƙe yana sauraron rediyo. Ni na fara ganin tafin ya ƙone.

Madame ta kwance bandejin yau ta daɗe tana kallo. Bororo uku, ɗaya ya fashe. Ta juyo ta tambaye ni, da gaske bai ji komai ba? Mutumin da ke jin auduga? Na ce ya ji, daurewa ya yi, mazanmu ba sa faɗin ciwo. Ta girgiza kai ta ce, "Ah, les papas." Ta ce babu wuta sai fata ta warke, kwana goma ko fiye.

Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Alhamis, 31 ga Yuli, magariba

Baffa ya zo. Daga tsakar gida yake magana don makwabta su ji.

"Na faɗa ko ban faɗa ba? Mutum da ransa a jona shi da wuta kamar firji. Ga shi sun dafa masa hannu."

Mama ta ce daga bayan labule, "Yaya, shayi ne. Ni na ba shi."

"Shayi yau ya fara sha? Wutarsu ce ta cinye fatar tun daga ciki." Ya juyo kaina. "Ke 'yar boko, saura nawa?"

"Bakwai, Baffa."

"To, na ji. Ba a ce na karya alkawari ba."

Bayan ya tafi na tarar da Mama a kicin tana kankare tukunyar da ta riga ta wanke. Tana cewa, "Shekara goma sha takwas ban taɓa ƙona masa ko riga ba." Na karɓi tukunyar na ɗauraye. Abin da na yi ke nan.

Lahadi, 3 ga Agusta, hantsi

Ruwa. An ɗauke wuta. Wanki bai bushe ba kwana uku, gidan duk warin danshi.

Talata, 5 ga Agusta, yamma

Bilki ta tambaye ni ina nake safiyar da Baba ya faɗi. Na ce ina ɗaki. Gaskiya ne, ina ɗaki. Ta ce ban ji kira ba? Na ce ta miƙo mini ledar gyaɗa.

Littafin da nake karantawa a safiyar yana ƙarƙashin katifa, shafin a lanƙwashe. Nata ne, ba ta tambaya ba, ni ma ban mayar ba.

Juma'a, 8 ga Agusta, azahar

Baba yana jin huɗuba daga lasifikar masallaci yana zaune a kan tabarma da fararen kayansa. Kowace Juma'a sai ya sa an goge su. Ni ke canza bandeji. Ya miƙo hannun ya kau da kai, in gama in ce "an gama" ina kallon ƙasa. Hirarmu ke nan.

Na gaji da warin man ƙuna. Na gaji da kaina.

Litinin, 11 ga Agusta, azahar

Mun koma. Fatar ta yi sabuwa, ja-ja. A taksi na yi niyya yau zan faɗi abin da ya faɗa. Da ta ɗauko auduga sai na tuna in na ce babu, to ina wanda ake ji jiya ya tafi? Sha huɗu.

Laraba, 13 ga Agusta, yamma

Na je shago karɓo guntayen ƙyalle don aikin gida. Rabona da Marché Congo tun kafin hutu. Baffa ne zaune a kujerar Baba, ya sake jera kaya, ya sa leshi inda shadda take. Ya cika mini leda, sai da zan tafi ya ce, "Ki ce wa uwarki ta fara nemo takardunsa na hanya."

A dawowa na ga wata mata a kan bensikin, acaɓan nan, ta rungume buhun plantain kamar jariri, ruwa na dukanta tana dariya a waya. Na bi ta da ido har kwana. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Litinin, 18 ga Agusta, azahar

Sha shida, don ran Juma'a hutu ne, ba mu je ba. Madame ta daina murmushi in ta sa alamar. Yatsun dai sun fara ɗan motsi ba na'ura, manuni yana ɗagawa kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Ta ce wannan ya yi kyau, amma hannun da ba ya ƙara ji ba ya koyon riƙo.

Alhamis, 21 ga Agusta, hantsi



Ni da Baba muna aikin gida a baranda. Idonsa a rufe, ina shafa masa guntayen ƙyalle yatsa-yatsa kamar kullum, hankalina yana wani wuri. Atamfa, shiru. Leshi, shiru. Na ɗauko tawul mai kaushi na goga a cikin babban yatsa.

Ya ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Sake."

Na sake. Sai na yi masa wayo, na ɗaga tawul ɗin sama ina motsa hannuna a iska. Ya jira, ya ce, "An daina." Na mayar. Ya ce, "Ga shi nan. Kamar kiyashi, daga nesa."

Sau shida na gwada, biyar ya faɗa daidai. Babban yatsa kaɗai, sauran huɗun babu. Bai buɗe ido ba, hawaye na bin gefen fuskar da ya shanye. Na tafi kicin na ce wa Mama yana ji. Ta ce, "Ai tun tuni," ta ci gaba da yankan kuɓewa.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan Juma'a

Da audugar ta kai babban yatsa bai ce Alhamdu lillahi ba ma, ya ɗago kai ya ce, "Na ji. Kaɗan." Na juya wurin Madame, bakina cike, na rasa wata kalmar da ban riga na ɓata ba. Na ce, "Un peu."

Ta sa alama a ƙarƙashin sauran goma sha bakwai, duk iri ɗaya, layi miƙaƙƙe. Ta ja numfashi. Ta ce mako bakwai ana wuri guda, wannan ke nuna wutar ta yi iyakar abin da za ta yi. Ranar Laraba za ta rubuta sakamako, kuma ba ta iya rubuta abin da takarda ba ta nuna ba. Ta ce in gaya masa a hankali.

Ban gaya masa ba. A taksi yana kallon taga, ni ina kallon tawa.

Da muka isa gida Mama na cire masa hula, ya ce mata, ina tsaye da takalmansa a hannu, "Ki gaya wa yarinyar nan, bakina ne ya shanye. Kunnena lafiya lau."

Mama ta dube ni. "Me kika yi?"

Na ce ban sani ba.

Tun ran farko ke nan. Ashe Faransancin faɗa ce ta gagare shi, ji kam yana ji. Sau goma sha bakwai yana jin na juya maganarsa, bai iya ƙaryata ni da harshensu ba, bai kuma iya kallona ya ce ke, bari, ba. Har da ranar kofi. Ya san Mama ba ta da laifi, ya bar ta da shi don kada ya ɗora mini.

Asabar, 23 ga Agusta, safe

Ba zan iya faɗa da baki ba, na san kaina. Ko a aji in malami ya kira ni murya ke gudu. Wasiƙa zan rubuta.

Na rubuta wasiƙu sun fi talatin a rayuwata, duk ga mutanen da babu su, masu dogon hanci da mota baƙa. Na gwada irin farkon nan, zuciyata cike da kaza da kaza. Na yaga. Sau huɗu.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan La'asar

Ta biyar ta tsaya. Da Faransanci ce, rabin shafi, ba ado. Na ce: Madame, daga zuwa na ɗaya har na goma sha bakwai mahaifina cewa yake bai ji ba, ni na canza. Ranar kofi bai daure ba, bai ji ba ne. Ranar Alhamis 21 ya fara ji a babban yatsa, da tawul, biyar cikin shida. Na Juma'a gaskiya ne. Ki gwada shi ba tare da ni ba, ki ce ya ɗaga hannun hagu in ya ji. Na sa sunana duka.

In ta yarda, takardar za ta nuna daga babu zuwa kaɗan, ga ci gaba ke nan. In ba ta yarda ba, ta ce wadda ta yi ƙarya sau goma sha bakwai me zai hana ta yi na sha takwas. Kuma ko ta yarda, Mama za ta san wanda ya ƙona hannun. Baffa zai sami abin faɗa a tsakar gida har shekara.

Litinin, 25 ga Agusta, azahar

Wasiƙar tana cikin aljihun jakata tun daga gida. Akwai wata ɗaliba mai koyon aiki a ɗakin, na ce a raina sai ta fita. Ta fita. Na ce sai an cire faci. Aka cire. Na ce sai a ƙofa. A ƙofa Madame ta dafa kafaɗata ta ce ni yarinyar kirki ce, Baba ya yi sa'ar 'ya. Na ce merci, na fito da ita.

Ta ce ranar Laraba a zo da babban gida, ya ji sakamako da kunnensa. Da yau na ba ta, da mu biyu ne kawai.

Talata, 26 ga Agusta, magariba

Baffa ya aiko da babbar jaka mai zif. Tana jingine a bayan ƙofa, kowa na kewaye ta. Mama ta goge fararen kayan Baba duka ta ninke, ba ta sa su ciki ba, ba ta kuma mayar da su durowa ba.

Mun yi aikin gida. Shida cikin shida. Da na gama na ce "an gama", bai janye hannun da wuri ba kamar yadda ya saba. Ya bar shi a kan gwiwata kaɗan. Wataƙila nauyi ya yi masa.

Laraba, 27 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Baffa ya iso, ina jin muryarsa a waje yana faɗa da mai taksi. Ruwa ya tsagaita.

Na yi tunanin in soke wasiƙar cikin katin asibiti ta gani da kanta, amma tana iya buɗewa bayan ta riga ta rubuta, ni kuma ina iya zarewa a hanya. Na cire ta daga jaka, tana hannuna. Tun a ƙofa zan miƙa mata, kafin in durƙusa cire wa Baba takalmi.

Baffa zai tambaya me ke ciki. Ba ya karanta Faransanci, kuma tafinta ɗaya ce a ɗakin. Zan fassara masa yadda take, daga layin farko har sunana, Baba yana ji.

Mama na kira.